Jiragen Ruwa Masu Aiki da Batir: Yadda Aka Faro

Gabatarwa

Mutane da yawa sun ɗauka jirgin ruwan da ke tafiya da wutar lantarki sabon abu ne na wannan zamani. Amma tarihin kimiyya ya nuna cewa tun a shekarar 1838 irin wannan jirgi ya ɗauki mutane a kan kogi, wato kusan shekara 50 kafin a ƙera mota mai amfani da man fetur. A ƙarshen ƙarni na 19 har kamfanonin haya aka kafa da irin waɗannan jirage, daga baya kuma suka kusa ɓacewa baki ɗaya. Me ya sa suka zo da wuri haka, kuma me ya danne su? Amsar tambayoyin biyu tana wuri ɗaya, wato a cikin batir. Tun da wuri masana suka iya ƙera injin da ke juyawa da lantarki. Abin da ya daɗe yana gagarar su shi ne rumbun da za a adana makamashin a ciki, ba tare da ya yi nauyi ko tsada fiye da kima ba. Wannan maƙala za ta bi wannan gwagwarmaya daki-daki.

Daga kifi zuwa batir

Masuntan Kogin Kwara da na Tafkin Cadi sun san minjirya, kifin nan da ke girgiza duk wanda ya taɓa shi. A ƙarƙashin fatarsa akwai dubban ƙwayoyin halitta na musamman. Kowace ƙwaya lantarkin da take bayarwa kaɗan ne ƙwarai, amma idan suka saki nasu a lokaci guda, sai ƙarfin ya taru har ya kai volt 300 ko fiye a jikin babban kifi.

Akwai kifaye masu irin wannan baiwa a tekun Bahar Rum, kuma wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Alessandro Volta ya san tsarin jikinsu. A shekarar 1800 ya bayyana wa duniya wata na'ura da ya haɗa: faifan tutiya, da faifan jan ƙarfe ko azurfa, da ƙyalle ko kwali da aka jiƙa da ruwan gishiri a tsakaninsu, a yi ta jera su hawa-hawa. Shi da kansa ya kwatanta na'urar da gaɓar lantarki ta waɗannan kifaye. Wannan shi ne batir na farko, kuma daga sunan mutumin aka samo ma'aunin volt.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda a nan. A cikin batir irin na Volta, tutiya ita ce itacen da ake ƙonawa. Duk lokacin da wuta ke gudana, tutiyar tana narkewa cikin ruwan sinadarin. Idan ta cinye, sai an sa sabuwa. Wannan magana za ta sake taso mana nan gaba.

Jacobi da jirgin Kogin Neva

A shekarar 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya gano cewa wayar da lantarki ke bi ta cikinta tana karkatar da allurar kamfas. Ba da jimawa ba aka gane cewa idan aka naɗe ƙarfe da waya aka sakar mata wuta, ƙarfen yakan zama maganaɗisu, idan kuma aka yanke wutar sai ya koma ƙarfe kawai.

Moritz Jacobi, Bajamushe da aka haifa a Potsdam a 1801, ya yi amfani da wannan ilimi ya ƙera injin lantarki mai juyawa a 1834. Injin yana da jeri biyu na irin wannan maganaɗisu masu siffar takalmin doki. Jeri ɗaya a kafe yake, ɗayan kuma an ɗaura shi a kan faifai mai juyawa. Kafaffen jerin yakan jawo mai juyawar, da zarar sun yi daura da juna sai wani makunni da ke jikin sandar injin ya juya alƙiblar wutar, jan ya koma turi, faifan ya wuce gaba. Haka abin zai yi ta maimaituwa muddin akwai wuta.

Labarin injin ya kai ga hukumomin Rasha. A 1837 Jacobi ya koma birnin St. Petersburg, inda gwamnatin Sarki Nikolas na Ɗaya ta ba shi kuɗi, ta kuma kafa kwamitin masana da hafsoshin sojan ruwa don su ga ko lantarki zai iya maye gurbin tururi a jiragen ruwa. Dalilinsu a fili yake. Jirgin tururi yana buƙatar tukunya mai nauyi, da tarin kwal, da masu zuba shi dare da rana, ga hayaƙi, ga haɗarin fashewar tukunya.

A watan Satumba na 1838 aka gwada jirgin a Kogin Neva. Tsawonsa kimanin mita 8 ne, kuma ƙafafun juyi masu filafilai ne ke tura shi. An jera batir mai gida 320 na tutiya da jan ƙarfe a gefuna biyu na jirgin, nauyinsu wajen kilogiram 200. Ƙarfin injin bai kai rabin ƙarfin doki ɗaya ba, gudun jirgin kuwa kimanin kilomita 2.5 ne a awa, wato mai tafiya a ƙasa ma ya fi shi sauri. Duk da haka ya yi tafiyar kilomita 7 da ɗoriya.

A watan Agusta na 1839 aka sake gwaji da ingantaccen inji da sabon batir irin wanda William Grove na Birtaniya ya ƙirƙiro a wannan shekara. Batirin Grove yana amfani da tutiya da ƙarfen filatinam da asid iri biyu, kuma kowane gida nasa yana ba da kusan volt 2. Ƙarfin injin ya ninka sau uku zuwa huɗu, jirgin ya ɗauki mutum 14, ya yi gudun kimanin kilomita 4 a awa.

Ɗalibi mai lura zai tambaya: yaya ƙarfi ya ninka kusan sau huɗu amma gudu bai ko ninka sau biyu ba? Dalili shi ne turjiyar ruwa. Ƙarfin da jirgi ke bukata yana hauhawa ne kusan daidai da gudunsa idan an ninka shi da kansa sau uku. Gudu ya tashi daga 2.5 zuwa 4, wato ninki 1.6. Idan ka lissafa 1.6 × 1.6 × 1.6 za ka sami kimanin 4. Ashe ke nan mai son ya ninka gudun jirginsa sau biyu sai ya nemi ƙarfi wajen ninki takwas. Wannan ƙa'ida ce ta sa jirgin batir ya fi dacewa da tafiya a hankali.

Abin da ya tsayar da aikin

Jirgin ya yi tafiya, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Filatinam ƙarfe ne mai tsadar gaske. Asid naitirik da ke cikin batirin Grove yana fitar da wani jan hayaƙi mai shaƙe numfashi da cutar da huhu. Babbar matsalar kuwa ita ce tutiyar da ke cinyewa.

James Joule na Manchester, wanda ma'aunin makamashi ke ɗauke da sunansa, ya auna wannan al'amari a 1841. Ya gano cewa aikin da awo ɗaya na kwal ke yi a cikin injin tururi mafi inganci na lokacin ya kusa ninka sau biyar aikin da awo ɗaya na tutiya ke yi a batirin Grove. Ga shi kuma tutiya ta fi kwal tsada nesa ba kusa ba, domin ita kanta sai an ƙona kwal mai yawa kafin a narko ta daga dutse. Babu ɗan kasuwar da zai yar da kwal mai araha ya rungumi tutiya. A farkon shekarun 1840 hukumomin Rasha suka dakatar da aikin, Jacobi ya mai da hankali ga wasu fannonin lantarki. Kusan shekara 40 suka wuce ba a sami wani ci gaba na a-zo-a-gani ba.

Batir mai karɓar caji

Abubuwa uku ne suka farfaɗo da maganar. Na farko, a 1859 Gaston Planté na Faransa ya haɗa batir da faranti biyu na dalma a cikin asid salfurik, wanda muka fi sani da ruwan batir. Idan wannan batir yana ba da wuta, sinadarin yana haɗuwa da fuskar farantan ya zama wani farin gishirin dalma. Idan kuma aka tura wuta cikinsa ta baya, gishirin yakan warware, farantan su koma yadda suke. Saboda haka babu ƙarfen da ake zubarwa, batir ɗaya zai yi ta aiki ana sake cika shi. Batirin mota mai gida shida da volt 12 jikan wannan ne.

Na biyu, an sami dinamo mai inganci, wato na'urar da ke mai da juyi ya zama lantarki. Werner Siemens a Jamus da Zénobe Gramme a Faris suna cikin waɗanda suka kai ta ga amfani tsakanin 1866 da 1871. Daga nan injin tururi da ke girke a bakin kogi zai iya ƙona kwal mai araha, ya juya dinamo, a cika batir. Matsalar da Joule ya nuna ta sami magani ke nan.

Na uku, a 1881 Camille Faure, shi ma Bafaranshe, ya fito da dabarar shafa wa farantan wani ƙulli na sinadarin dalma tun a masana'anta. Kafin wannan, sai an shafe watanni ana cika batirin Planté ana sauke shi kafin ya riƙe wuta sosai. Dabarar Faure ta rage wannan jira, ta ƙara yawan wutar da batir ke ɗauka, ta kuma ba da damar ƙera shi da yawa don sayarwa.

Jirgin ruwa ya fi keken ƙasa cin moriyar wannan batir. Dalma tana da nauyi, hanyoyin wancan zamani kuwa cike suke da gargada da hawa, abin da ke farfasa batir ya kuma zuƙe wutarsa. A kan ruwa babu tudu, ruwan ne ke ɗauke da nauyin, kuma batir da aka shimfiɗa a ƙasan jirgi yana ƙara masa daidaito don kada ya kife.

Daga Faris zuwa Landan

A ranar 26 ga Mayu, 1881, wani maƙerin na'urori mai suna Gustave Trouvé ya gwada kwalekwale mai tsawon mita 5 a Kogin Sen da ke ratsa birnin Faris. Ya ɗora ƙaramin injin lantarki a saman matuƙin kwalekwalen, ya haɗa shi da farfela ta hanyar sarƙa. Ana iya cire injin da farfelar gaba ɗaya a tafi da su gida. Wannan ne mafarin injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale, irin wanda ake gani a Yawuri ko Baga, sai dai na can fetur suke sha. Kwalekwalen Trouvé ya yi gudun kilomita 3.6 a awa idan yana fuskantar ruwa, da kilomita 9 idan yana bin ruwa.

A Landan kuwa, wani injiniya ɗan asalin Ostiriya, Anthony Reckenzaun, ya tsara jirgi mai suna Electricity wanda aka gwada a Kogin Tems a watan Satumba na 1882. Tsawonsa kimanin mita 7.6 ne, yana ɗaukar mutum 12. An ɓoye batir 45 masu karɓar caji a ƙarƙashin kujeru da daɓen jirgin, kuma suna iya tafiyar da shi na wajen awa 6 da gudun kimanin kilomita 13 a awa. Idan aka kwatanta da jirgin Jacobi, za a ga irin nisan da aka yi.

Reckenzaun ya so ya nuna cewa jirgin batir zai iya shiga teku. A ranar 13 ga Satumba, 1886, jirginsa mai suna Volta ya tashi daga Dover ta Ingila, ya ƙetare mashigin teku zuwa Calais ta Faransa, ya komo a ranar, cikin kimanin awa 8, ba tare da an sake cika batirinsa ba. Jaridun lokacin sun ruwaito cewa saboda rashin ƙarar jirgin, har an kama wani tsuntsun teku da hannu yana barci a kan ruwa.

Shekarun bunƙasa

Jirgi ɗaya mai abin mamaki bai isa ya zama sana'a ba, sai an sami wuraren cika batir. Moritz Immisch, Bajamushe mazaunin Landan, shi da abokin cinikinsa Viscount Bury suka gane haka. Daga 1888 zuwa 1889 suka kafa kamfanin hayar jiragen lantarki a Kogin Tems, tare da tashoshin caji a gaɓar kogin, wasu ma a kan manyan kwalekwale aka girke su da injin tururi da dinamo. Mai haya zai yi yawonsa da rana, da dare a cika masa batir. Babban jirginsu, Viscountess Bury, wanda aka sa a ruwa a 1888, tsawonsa kusan mita 20 ne, yana ɗaukar mutum wajen 80. Masu yawon shaƙatawa sun so waɗannan jirage domin babu toka mai ɓata tufafi, babu zafin tukunya, kuma ba a jiran ruwa ya tafasa kafin a tashi.

A babban bajekolin duniya da aka yi a birnin Shikago na Amurka a 1893, jiragen lantarki 55, kowane mai tsawon kimanin mita 11, sun yi jigilar mutum fiye da miliyan ɗaya a tafkunan filin bajekolin cikin wata shida. A 1894 aka kafa kamfanin ƙananan jiragen fito masu batir a tashar ruwan Bergen ta ƙasar Norwe.

Akwai kuma inda batir ya zama dole. Injin da ke ƙona mai ko kwal yana buƙatar iska, ƙarƙashin ruwa kuwa babu ita. A 1888 Isaac Peral, hafsan sojan ruwan Spaniya, ya ƙera jirgi mai nutso da ke tafiya da batir mai gida 613. A 1900 sojan ruwan Amurka suka karɓi jirgin John Holland, wanda ke amfani da injin fetur a saman ruwa, ya cika batirinsa da shi, idan ya nutse kuma ya koma kan batir.

Yadda fetur ya yi rinjaye

A 1886, shekarar da Volta ya ƙetare teku, Gottlieb Daimler ya gwada ƙaramin injin fetur a cikin kwalekwale a Kogin Neckar na Jamus. Daga 1909 Ole Evinrude ya fara sayar da injin fetur na ratayawa a Amurka, kasuwarsa ta buɗe ƙwarai. Kafin shekarun 1920 yawancin masu jirage sun juya wa batir baya. Viscountess Bury kansa wajen 1910 aka cire masa batir aka sa masa injin mai.

Lissafi ne ya yanke hukunci. Kilogiram ɗaya na batirin dalma mai kyau yana adana kimanin wat-awa 35, wato abin da zai kunna ƙwan fitila mai wat 35 na awa ɗaya. Kilogiram ɗaya na fetur yana ɗauke da kimanin wat-awa 12,000. Injin fetur yana ɓarnatar da wajen kashi uku cikin huɗu na wannan a matsayin zafi, saura 3,000. Injin lantarki ɓarnarsa kaɗan ce, yana iya mai da wajen 30 daga cikin 35 su zama aiki. Duk da haka, kilogiram ɗaya na fetur ya tsaya daidai da kimanin kilogiram 100 na batirin dalma. Bugu da ƙari, ana cika tanki cikin 'yan mintoci, batir kuwa sai ya kwana, kuma galan na fetur yana zuwa ƙauyen da wayar lantarki ba ta kai ba.

Jirgin batir ya saura ne a wuraren da shiru da tsabtar ruwa suka fi gudu daraja. A tafkin Königssee da ke kudancin Jamus, jiragen lantarki ke ɗaukar baƙi tun 1909 har zuwa yau. Masanin halittu ya san amfanin haka, domin man da ke zuba daga inji yana shimfiɗuwa a fuskar ruwa ya cutar da ƙwari da 'ya'yan kifi, ƙarar inji kuma tana firgita kifaye da tsuntsaye masu sheƙa a bakin ruwa.

Kammalawa

Duk lokacin da batir ya inganta, jirgin lantarki yakan ɗaga: batirin Grove a 1839, na Faure a 1881. Haka ya sake faruwa bayan an fara sayar da batirin litiyam a 1991, wanda ke adana ninki huɗu ko fiye na abin da batirin dalma mai nauyi ɗaya ke adanawa. A 2015 jirgin fito mai suna Ampere, mai ɗaukar mota 120, ya fara aiki da batir zalla a Norwe. Tafiyarsa gajera ce, ta kimanin kilomita 6, kuma yana shan caji a kowace gaɓa yayin da motoci ke sauka da hawa, wato dabarar Immisch ce a sabuwar riga. Manyan jiragen dakon kaya masu ratsa teku na makonni kuwa har yanzu mai suke ƙonawa, saboda lissafin nauyin da muka yi a sama. Matsalar da ta tsayar da Jacobi ta ragu sosai, amma tana nan tana jiran masu bincike, kuma babu abin da zai hana wasunsu su fito daga cikin masu karanta wannan mujalla.

Ga malamai da ɗalibai

1. A yi amfani da alƙaluman kwalekwalen Trouvé, kilomita 3.6 da kilomita 9 a awa, a gano gudun kwalekwalen a ruwan da ba ya tafiya, da kuma gudun kogin kansa. A tuna cewa gudun kogi yana ƙaruwa a kan na kwalekwale idan ana bin ruwa, yana kuma raguwa daga gare shi idan ana fuskantar ruwa.

2. A samo lemon tsami, da ƙusar rufin kwano mai rufin tutiya, da guntun wayar jan ƙarfe. A soka ƙusar da wayar cikin lemon ba tare da sun taɓa juna ba, a auna da mitar volt. Za a sami abin da ya kusa volt ɗaya. A jera lemo huɗu, wayar wannan a haɗe da ƙusar wancan, a sake aunawa. Sa'an nan a bar su a haɗe da ƙaramar fitila na kwana ɗaya ko biyu, a zare ƙusoshin, a duba abin da ya sami tutiyar da ke jikinsu.